Tarihin Cibiyar Creative Growth ta Masu Zane a Oakland

Creative Growth cibiya ce ta masu zane da sassaƙa da saƙa da ke birnin Oakland, a jihar Kalifoniya ta Amurka. An kafa ta a 1974 domin manyan mutane masu nakasa, musamman waɗanda aka haifa da lalurar da ke tauye fahimta ko magana, kuma ana lissafa ta cikin cibiyoyi irinta da suka fi daɗewa a duniya. Mutum 140 da 'yan kai ne ke aiki a zaurenta yanzu. Wasu sun shafe shekara talatin suna zuwa, kuma ayyukan wasunsu suna ajiye a manyan gidajen adana kayan fasaha na New York da San Francisco da Lausanne. Tun ranar farko cibiyar ba ta kira masu zuwa majinyata ko ɗalibai ba. Masu fasaha take kiran su, kuma a kan wannan matsayi aka gina duk tsarinta.

Har bayan tsakiyar ƙarni na 20, abin da aka saba a Amurka shi ne idan aka haifi yaro da irin wannan lalura, likita ya shawarci iyaye su kai shi gidan gwamnati su bar shi a can. A 1967 mutanen da ke zaune a waɗannan gidaje sun kusa 195,000 a faɗin ƙasar, ban da dubban ɗaruruwan da ke asibitocin masu taɓin hankali. Da yawa daga cikin gidajen sunan makaranta gare su, amma karatun da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Cunkoso ne da ƙarancin ma'aikata da zaman jira marar ƙarshe. A 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga gidan Willowbrook na New York da kyamara, ya nuna wa jama'a yara kwance a ƙasa cikin ƙazanta babu mai kula da su, hankalin ƙasar ya tashi.

Kalifoniya ta riga ta fara sauya hanya kafin wannan. A 1969 majalisar jihar ta zartar da dokar da ke ɗauke da sunan ɗan majalisa Frank Lanterman, wadda ta shimfiɗa cibiyoyin yanki a faɗin jihar. Yanzu 21 ne, kuma aikinsu shi ne su karɓi kuɗin gwamnati su biya hidimar masu nakasa a cikin gari, kusa da danginsu. An ƙara wa dokar ƙarfi a 1977. Sai aka shiga sallamo mutane daga manyan gidajen. To amma fitowa daban, samun abin yi daban. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana tashinsa a sa'a ɗaya, ana ba shi abinci a layi, ba a taɓa tambayarsa abin da yake so ba, sai ga shi a ƙaramin gida da talabijin a gabansa daga safe har dare. Waɗanda aka samo wa aiki kuwa, galibi wuraren da ake tara masu nakasa su kaɗai ne aka kai su, suna jera kaya a kwali ko liƙe ambulan a kan ladan da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, abin da wata dokar ƙwadago ta 1938 ta halatta.

A daidai wannan lokaci garin Berkeley, maƙwabcin Oakland, ya zama matattarar gwagwarmayar masu nakasa. Ed Roberts, wanda shan inna ta shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙasa, ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke garin a 1962, kuma a 1972 abokan tafiyarsa suka assasa cibiyar da ke taimaka wa masu nakasa su riƙe ragamar rayuwarsu da kansu. A 1977 masu nakasa suka yi zaman dirshan na kusan wata guda a wani ginin gwamnatin tarayya a San Francisco, har sai da aka sa hannu kan ƙa'idojin hana nuna musu bambanci. A cikin wannan yanayi Creative Growth ta tsiro.

Mata da miji ne suka kafa ta. Florence Ludins-Katz mai zane ce kuma malamar zane. Mijinta Elias Katz masanin halayyar ɗan Adam ne da ya daɗe yana aiki da masu lalurar fahimta. Dukansu sun haura shekara sittin lokacin da suka soma, shekarun da wasu ke shirin ajiye aiki. A gidansu suka fara, da tebur da takarda da fenti da mutane 'yan ƙalilan. Ra'ayinsu shi ne ƙirƙira baiwa ce da ke jikin kowane ɗan Adam, kuma wanda ba ya iya magana ba yana nufin ba shi da abin faɗa ba ne. Idan aka ba shi wuri da kayan aiki na ƙwarai da lokaci, zai nemo hanyarsa.

A wancan zamani hanya biyu aka sani ta haɗa mai nakasa da fenti, kuma ma'auratan sun kauce wa dukansu. Ta farko ita ce ta jinya, inda ake sa mutum ya yi zane domin likita ya duba ya gano abin da ke damunsa, daga nan takardar ta shiga fayil. Ta biyu ita ce ta kashe lokaci, inda malama za ta raba wa kowa abu iri ɗaya a ce a kwaikwaya, a tashi da furanni ashirin masu kama da juna. A hanyoyin biyu ba zanen ake kallo ba. Florence ta nace cewa zanen ne za a kalla, a auna shi yadda ake auna na kowa. Wannan shawara, mai sauƙin faɗi, ita ce ta haifar da duk abin da ya biyo baya.

Da mutane suka ƙaru, cibiyar ta bar gida ta koma cikin Oakland. A 1980 ta buɗe ɗakin baje koli, wanda ake ɗauka shi ne na farko a ƙasar da aka keɓe wa ayyukan masu nakasa. Buɗe shi ba ƙaramin mataki ba ne, domin ɗakin baje koli yana zuwa da abubuwan da waɗannan mutane ba su taɓa samu ba: sunan mutum a rubuce a bango, farashi a gefen aikinsa, da daren buɗe taro inda baƙo zai tsaya ya tambaya wane ne ya yi wannan. A 1982 aka koma mazaunin da ake ciki har yau, wani tsohon garejin gyaran motoci a titi na 24, mai faɗin kimanin ƙafa 12,000 murabba'i, da rufi mai tsawo da manyan tagogi. Ma'auratan ba su tsaya nan ba. Sun kafa cibiyar NIAD a garin Richmond a 1982, da Creativity Explored a San Francisco a 1983, suka kuma rubuta littafi da ke bayyana yadda ake kafa irin wannan wuri domin wasu su ɗauka. Irene Ward Brydon ce ta ja ragamar Creative Growth shekaru masu yawa bayan sun matsa gaba. Florence ta rasu a 1990, Elias kuma a 2008.

Zauren aikin a buɗe yake, babu bangon da ya raba shi ɗaki-ɗaki. Ga masu zane da alƙalami da fenti, ga masu yumɓu, ga ɓangaren katako, ga masu saƙa da ɗinki da darduma, ga masu buga hoto, daga baya aka ƙara kwamfuta da bidiyo. Zaman ya yi kama da na rumfar dukawa a kasuwa, kowa da aikinsa a gabansa amma hira da rediyo na kowa ne. Ma'aikatan su ma masu fasaha ne da ke nasu aikin a waje, kuma ƙa'idar ita ce ba sa taɓa aikin kowa, ba sa cewa a yi kaza. Za su wanke buroshi, su miƙa takarda, su nuna yadda ake sarrafa wani kayan aiki idan an nema, su kawo sabon abu su ajiye kusa da mutum ko zai ɗauka. Sauran kuwa jira ne. Akwai wanda zai yi shekara yana zuwa bai yi wani abin a zo a gani ba, kuma ba a korarsa. Idan aka sayar da aiki, ana raba kuɗin biyu, rabi na mai aikin, rabi na cibiyar domin kayan aiki. Babban kason kuɗin gudanarwa kuwa yana fitowa ne daga cibiyar yankin da dokar Lanterman ta tanada, sai gudummawar jama'a da ciniki.

Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka sa masana suka waiwayo shi ne Dwight Mackintosh. An haife shi a 1906, aka kai shi gidan gwamnati yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 56 a killace. Ya zo cibiyar yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya ɗauki alƙalami, bai ajiye ba sai dab da rasuwarsa a 1999. Yana zana mutane da dogayen yatsu, da motocin haya da ake hango fasinjojin ciki kamar jikin motar gilashi ne, a saman takardar kuma ya jera layukan rubutu masu lanƙwasa da ba a iya karantawa. Masanin tarihin fasaha John MacGregor ya rubuta littafi guda a kansa.

Labarin da ya fi fito da sunan cibiyar shi ne na Judith Scott. An haife ta a jihar Ohio a 1943, 'yan biyu ne ita da 'yar'uwarta Joyce. Judith ta zo da lalurar Down, kuma zazzaɓi ya kurmantar da ita tun tana jaririya, amma shekaru suka wuce ba a gane cewa kurma ce ba. Da aka gwada ta da tambayoyin baki ba ta amsa ba, sai aka yanke cewa ba za ta iya koyon komai ba. Tana da shekara 7 aka raba ta da 'yar'uwarta aka kai ta gidan gwamnati, inda ta yi shekara 35. A tsakiyar shekarun 1980 Joyce ta bi ta hanyar shari'a ta karɓi riƙonta, ta kawo ta Kalifoniya. A 1987 Judith ta fara zuwa Creative Growth.

Kusan shekara biyu tana zaune tana ɗan jan layi a takarda ba tare da sha'awa ba. A wani wurin da tuni an ce ba ta dace ba. Sai wata mai saƙa, Sylvia Seventy, ta zo ta yi aiki da zare tare da mutanen zauren. Judith ta ɗauki 'yan sanduna ta fara naɗe su da zare. Daga ranar ba ta tsaya ba. Takan tsinto abu daga ko'ina a ginin, mujalla ko makulli ko fanka ko ƙafar keke, ta ɓoye shi a tsakiya, ta bi shi da ulu da igiya da yagaggen ƙyalle, tana naɗi tana ƙulli tana sokawa, mako bayan mako, wani lokaci watanni, har abin ya zama dunƙule mai girman mutum ko fiye. Ta taɓa naɗe keken tura kaya na kanti. An ɗauki hoton wasu ayyukanta da na'urar hoton ƙashi domin a ga abin da ke binne a ciki. Idan ta gama, sai ta ture aikin gefe ta juya ga na gaba. A cikin shekara 18 ta yi sama da 200, kafin rasuwarta a 2005. Wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikinsu zai ga hannun da ya san launi, ya san inda zai ja zare ya yi tauri da inda zai sassauta. A shekara 35 da ta yi a gidan gwamnati babu ko ɗaya da ya fito, kuma ba don baiwar ba ta nan ba ne.

Ayyukan irin su Mackintosh da Scott sun faɗa cikin wani rukuni da ya girmi cibiyar. A 1921 likita Walter Morgenthaler ya wallafa littafi kan Adolf Wölfli, majinyaci a wani asibiti kusa da Bern a Suwizaland, a 1922 kuma Hans Prinzhorn ya fitar da nasa kan zane-zanen majinyata da aka tara a Heidelberg ta Jamus. A 1945 mai zane ɗan Faransa Jean Dubuffet ya raɗa wa irin wannan aiki suna art brut, wato ɗanyar fasaha, ya shiga tara shi, abin da ya tara ya zama gidan adanawa a Lausanne a 1976. A 1972 Roger Cardinal na Ingila ya kawo sunan outsider art, fasahar 'yan waje. Dubuffet yana neman mutumin da ke aiki shi kaɗai, wanda al'ada da makaranta da kasuwa ba su taɓa shi ba. Masu aiki a Oakland ba haka suke ba. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, suna duba mujallu, suna ganin aikin juna, suna halartar bikin buɗe nunin ayyukansu. Kaɗaicin da aka ɗauka shi ne sirrin wannan fasaha, ga da yawa daga cikinsu hukunci ne da aka yanke musu suna yara, kuma sai da aka ɗage shi aikin ya fito. Shi ya sa cibiyar ta fi son a ce musu masu fasahar zamani kawai. Duk da haka tana kai kayanta kasuwar baje kolin fasahar 'yan waje da ake yi a New York tun 1993, domin a can masu saye suke.

Wajen shekarar 2000 Tom di Maria, wanda ya fito daga gidan adana kayan fasaha na Jami'ar Berkeley, ya karɓi shugabanci, ya sa a gaba cewa ayyukan su shiga inda ake nuna na kowa. Matthew Higgs, wanda ya zama shugaban ɗakin baje kolin White Columns a New York a 2004, ya riƙa nuna su a can. A 2008 cibiyar ta buɗe ɗaki a Paris mai suna Galerie Impaire, wanda ya yi 'yan shekaru. A 2011 aka haɗa ayyukan cibiyoyin Katz guda uku a wani babban nuni a Berkeley. A 2014 gidan adana kayan fasaha na Brooklyn ya yi nunin ayyukan Judith Scott ita kaɗai, a 2017 kuma aka sa ta a babban nunin Venice na Italiya tare da Dan Miller, wani mai zane na cibiyar.

Miller, haifaffen 1961, yana da lalurar otizim kuma maganarsa kaɗan ce. Yana rubuta sunayen abubuwan da suka kama masa rai, kwan fitila da soket da kayan abinci da garuruwa, yana maimaita su a kan juna har harafi ya nutse cikin harafi, takardar ta zama gajimaren layuka. William Scott, haifaffen San Francisco a 1964, wanda ba shi da dangantaka da Judith, yana zana birninsa yadda yake fatan ya zama: unguwannin baƙar fata da aka sake ginawa babu harbe-harbe, mutane cikin kayan coci suna murmushi, jiragen sama jannati suna dawo da matattu da rai. Monica Valentine makauniya ce, tana soka allurai masu ɗauke da duwatsun ado a jikin soso har ya rufe ruf yana walƙiya. Gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya mallaki ayyukan Miller da na Scott ɗin biyu. A kowace shekara kuma cibiyar tana shirya bikin nuna tufafi, inda masu ɗinkin ke sa abin da suka ɗinka su taka a gaban jama'a.

Shahara ta zo da tambayoyi masu nauyi. Ta farko ita ce ta yarda. Judith Scott ba ta magana, ba ta rubutu, ba ta sa wa ayyukanta suna ba. MacGregor, a littafin da ya rubuta a kanta a 1999, yana ganin ba ta ɗauki abin da take yi a matsayin fasaha ba, wasu kuma suka ƙi wannan fahimta, suna cewa ba wanda ke da hurumin yanke abin da ke zuciyarta. Masu shirya nunin Brooklyn sun zaɓi su sa aikin a gaba, tarihin rayuwarta a baya, domin kada tausayi ya rufe wa mai kallo ido. Tambaya ta biyu ta kuɗi ce. Tallafin da gwamnatin tarayya ke ba masu nakasa marasa ƙarfi yana da sharaɗin kada dukiyar mutum ta wuce dala 2,000, adadin da bai sauya ba tun 1989. Ke nan ciniki mai kyau guda ɗaya na iya jefa tallafin mutum cikin haɗari, dole a bi ta asusun amana, ko asusun ajiya na musamman da wata dokar 2014 ta ba da dama. Ta uku ita ce bambanci a cikin zauren kansa. 'Yan ƙalilan ne ayyukansu ke kai dubban daloli. Mafi yawa suna sayar da kaɗan ko ba sa sayarwa, kuma ƙimar cibiyar tana ga yadda take ba su tebur da takarda daidai da na waɗanda suka yi suna.

A 2020 annobar korona ta sa aka rufe zauren, aka koma kai wa mutane kayan aiki gida ana haɗuwa ta intanet, har aka sake buɗewa. A watan Oktoba na 2023 gidan SFMOMA na San Francisco ya sanar da sayen ayyuka sama da 100 daga Creative Growth, da wasu daga NIAD da Creativity Explored, a kan fiye da dala rabin miliyan, ɗaya daga cikin saye mafi girma da wani gidan adana kayan fasaha na Amurka ya yi daga hannun masu nakasa. A 2024, shekarar da cibiyar ta cika 50, gidan ya buɗe nunin ayyukan, ya kuma ba William Scott bango ya zana. Tsarin da Florence da Elias Katz suka shimfiɗa ya bazu zuwa cibiyoyi masu yawa a jihohin Amurka da wasu ƙasashe. A watan Disamba na 2024 MoMA ta buɗe nunin Marlon Mullen shi kaɗai, mai zane da ke aiki a NIAD ta Richmond tun tsakiyar shekarun 1980.